Inshorar Lafiya da Tiyatar Matsarmama

Matsarmama 'yar jaka ce da ke manne a ƙarƙashin hanta, ta ɓarin dama. A cikinta ruwan ɗacin da hanta ke yi yake taruwa. Ruwan nan ne ke taimakawa wajen narkar da maiƙo.

Wani lokaci ruwan yakan daskare ya zama tsakuwa. Abin ya fi samun mata, da masu ƙiba, da masu ciwon sikila. Idan tsakuwar ta toshe hanya, sai ciwo ya taso ƙarƙashin haƙarƙarin dama, musamman bayan an ci maiƙo. Yakan harba har kafaɗa. In abin ya yi tsanani, sai zazzaɓi da amai, ido ya yi rawaya. Da yawa sukan ɗauka olsa ce. Hoton ciki ne ke bambancewa.

Maganinta shi ne a cire jakar gaba ɗaya, kuma mutum yana rayuwa lafiya ba ita. Wanda ya zo da wuri, ana iya yi masa aiki ta 'yan ƙananan huji da kyamara, ya koma gida cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya makara, jakar ta kumbura ta yi ruwa, sau da yawa sai an tsaga ciki, jinya ta yi tsawo.

Me ke sa mutane makara? Sau da yawa, tsoron kuɗin asibiti ne. Nan ne inshorar lafiya take shigowa.

A Amurka akwai inshorar gwamnati ta marasa ƙarfi, sunanta Medicaid. A 2014 jihohi da dama suka faɗaɗa ta. Masu bincike sun gano cewa a waɗannan jihohi, marasa lafiya sun fi zuwa asibiti kafin ciwo ya ta'azzara, an kuma fi yi musu aikin da ya dace.

A Najeriya, dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya, ta kuma tanadi asusu domin marasa galihu. Jihohi ma, irin su Kano, suna da hukumominsu na taimakekeniyar lafiya.

Kada ka jira sai ciwo ya kayar da kai. Je ka yi rajista da hukumar inshorar lafiya, kai da iyalinka. Ka tambaye su ko suna biyan hoton ciki da tiyata, da kuma asibitin da za ka riƙa zuwa.

Tambayoyi
1. Ina matsarmama take?
2. Su wa tsakuwa ta fi samu?
3. Me ya sa zuwa asibiti da wuri ya fi?