Shawarwari ga Mai Neman Lasifikar Haɗa Waƙa a Zagga

Yanzu ba sai an je Kano ake ɗaukar waƙa ba. Matashi mai laftof da makirufo da manhajar FL Studio yana iya haɗa waƙar biki, ko ƙasidar Maulidi, ko tallar ɗan takara, a ɗakinsa na Zagga. Sau da yawa kuma lasifikar da yake aikin da ita, ita ce dai maigida zai nema don sauraron tafsiri, yara su kalli fim da ita bayan isha'i. Tunda aljihu ɗaya za a taɓa, ga abubuwan da ya kamata a duba kafin a biya kuɗi.

1. Ka san abin da ka je saye. Wufar da ake sayarwa a shagunan kayan wuta an yi ta ne don ta ƙawata sauti, tana ƙara duma, tana rufe aibi. Monitar situdiyo kuwa aikinta faɗin gaskiya. In muryar mawaƙi ta nutse a ƙarƙashin fiyano, haka za ka ji ta, ka gyara. Wanda ya haɗa waƙa da wufa yakan rage bes don yana jin ya yi yawa, sai a kunna a wani gida a ji waƙar fayau. Monita ba ta taron biki ba ce, kuma duk wanda ya fito da ita ƙofar gida don ta cika fili zai ƙona ta.

2. Kada girma ya ruɗe ka. Ɗakin da bai wuce mita 3 ko 4 ba, lasifika mai inci 5 ta ishe shi. Mai inci 8 a irin wannan ɗaki gurnani kawai za ta cika bango da shi. In kuɗin kaɗan ne, akwai PreSonus Eris mai inci 3.5, da Mackie CR3, da Edifier MR4 mai inci 4, duka bibbiyu suke zuwa a kwali ɗaya, kuma sun dace da sauraron gida. Mai ɗan hali ya duba JBL 305P, ko KRK Rokit 5 mai rawayan ciki, ko Yamaha HS5 mai farin ciki. Waɗannan ɗai-ɗai ake sa musu farashi, don haka ka tambayi mai shago ko kuɗin guda ya faɗa maka ko na biyu. Ni dai in haɗa murya ce sana'ar, HS5 zan zaɓa. Ba ta da bes mai yawa, amma ba ta ɓoye komai a tsakiyar sauti, inda muryar mutum take. In kuma iyali za su fi mai sana'ar amfani da ita, JBL ta fi daɗin kunne.

3. Wuta ita ce babbar magana, kuma a nan aka fi yin asara. Waɗannan lasifiku da amfilifaya a cikinsu suke zuwa, saboda haka wutar NEPA in ta dawo da ƙarfi kai tsaye take dukan allon ciki. Ka ware kuɗin sitabilaiza tun daga farko, ko da hakan zai sa ka sayi ƙaramar lasifika. Ƙaramin janareta ya fi NEPA haɗari: a lokacin tayarwa da lokacin da mai ke ƙarewa wutarsa hawa da sauka take yi. A tayar da shi ya daidaita tukuna, sannan a kunna kaya. Lasifika ita ce ƙarshen kunnawa, ita ce farkon kashewa. Mai sola kuwa ya dace, domin HS5 guda biyu ba su kai wat 100 ba, amma inbata mai arha takan sa su yi ta zuza ko ba a kunna komai ba. Ka nemi inbata mai tsaftatacciyar wuta, irin wadda ake haɗa kwamfuta da firji da ita.

4. Kusancinmu da Jamhuriyar Benin ya sa kayan Kwatano ba sa wuyar samu, ko ta Lolo ko ta Tsamiya. Akwai na ƙwarai a cikinsu. Amma ka juya bayan lasifikar ka karanta rubutun da ke kusa da ramin wayar wuta. Wutarmu 230 ce. In ka ga 100 zuwa 240, ka huta. In 120 kaɗai aka rubuta, ta kasuwar Amurka ce, kana sa ta a soket hayaƙi zai tashi, sai da na'urar rage wuta. Fulogin Benin mai ƙafa biyu zagayayyu ne irin na Faransa. A canza masa waya mai ƙafa uku maimakon a riƙa tura shi da tsinke. Ka kuma karɓi rasit, saboda kwastan a hanya.

5. Kada ka saya ba ka ji ba. Tafi da waƙa biyu ko uku da kunnenka ya haddace: ɗaya ta Shata don kalangu, ɗaya ta Hamisu Breaker ko Nura M. Inuwa don kiɗan zamani, da karatun malamin da ka saba ji. Saurari kowace lasifika ita kaɗai, sannan duka biyun. In murya ba ta tsaya daidai a tsakiyarsu ba, ɗaya ta gaji. Kai kunnenka kusa da ƙaramar lasifikar da ke sama a jikin kowacce, ka tabbata tana fitar da sauti, don ita ta fi saurin mutuwa. Adadin wat dubu-dubu da ake mannawa a kwalin wasu kaya kuwa, talla ce.

6. Wurin ajiya kyauta ne, amma yana gyara sauti fiye da ƙarin kuɗi. Tazarar da ke tsakanin lasifikun biyu ta zama daidai da tazararka da kowacce, kamar mita ɗaya, su fuskance ka, a tsayin kunnenka in kana zaune. Kada ka cusa su a lungu. HS5 da JBL ta baya suke fitar da iska, a janye su daga bango. Ɗakin siminti mai rufin kwano amsa-kuwwa gare shi, sai a shimfiɗa darduma, a sa labule mai kauri, a jingina tsohuwar katifa a bangon da ke bayanka. Kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya yin wani abin kirki, sai tara ƙura da kyankyaso.

7. Bulutut na sauraro ne, ba na aiki ba, domin sauti yakan makara. Don haɗa waƙa ka yi amfani da waya, in da hali ta cikin saun kad irin Behringer UMC22 ko Focusrite Scarlett Solo.

8. Masu sauraronka ba su da monita. A waya za su ji waƙar, ko a MP ɗin mai shayi, ko a mota ranar kasuwa. Kafin ka miƙa wa mai ita, tura ta wayarka ka saurara. In kalmomin mawaƙi sun fito sarai a nan, aikin ya yi. Manyan situdiyon duniya ma haka suke yi: 'yar ƙaramar Yamaha NS-10 da ta fito a 1978 ta shafe shekaru a kan teburinsu saboda wannan dalili.

9. Lokacin hunturu a rufe lasifikun da zane in ba a aiki, a cire zanen kafin a kunna don kada zafi ya taru. A ɗora su inda hannun yara ba ya kaiwa, tunda yawancinsu ba su da raga a gaba, yatsa ɗaya ya isa ya loɓa su. Kuma ka yi aiki da sauti daidai yadda za ka iya jin sallamar mai shigowa. Kunnen da ƙara ta lalata ba ya komawa yadda yake, kuma da shi kake cin abinci.