Matakai Bakwai na Zaɓen Ƙananan Sifikoki Masu Sauƙin Kuɗi a Tamale

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Aboabo ko babbar kasuwar Tamale ya san yadda ake tallar kayan sauti: a jera manyan akwatuna masu walƙiya, a ƙure ƙara har ƙirjin mutum ya riƙa amsawa. Irin waɗannan na gidan biki ne da filin taro. Mai zaman ɗaki ɗaya ko ciki da falo a Zongo, Sabonjida ko Lamashegu kuwa, abin da yake nema shi ne murya ta fito tas, ko ta ƙira'a ce, ko labaran Radio Savannah, ko waƙar Fancy Gadam, ba tare da maƙwabci ya buga masa ƙofa ba. Sifikoki biyu ƙanana, na ɗorawa a kanta ko tebur, sun ishe shi. Kada ƙanƙantarsu ta sa a raina su. Sifikar LS3/5A da BBC ta ƙera a shekarun 1970 don ma'aikatanta da ke aiki cikin motocin watsa shirye-shirye, tsayinta bai wuce santimita 30 da 'yan kai ba, amma har gobe ana kafa misali da ita wajen fitar da muryar ɗan Adam.

Mataki na 1: Auna ɗakinka kafin ka auna aljihunka

Ɗauki awo ka san tsawo da faɗin ɗakin. In bai wuce ƙafa 10 da 12 ba, sifika mai faifan inci 4 ta wadatar. In falo ne da ya ɗan fi haka, ka nemi mai inci 5. Abin da ya haura inci 6 a ƙaramin ɗaki gurnani kawai zai cika shi da shi. Sannan ka tsaya a tsakiyar ɗakin ka tafa hannu sau ɗaya. In ka ji tafin ya dawo maka, to bangon siminti da tayil suna mayar da sauti, kuma za ka buƙaci labule da kafet. Ka sa kuɗinsu cikin lissafi tun yanzu.

Mataki na 2: Mai amfilifaya a ciki, ko mai neman ta dabam?

Iri biyu ne. Akwai wadda aka haɗa mata amfilifaya a cikinta: ka sa a soket, ka jona waya ko talabijin, shi ke nan. Edifier R1280T misali ce, mai faifan inci 4 da ƙarfin wat 42 duka biyun. 'Yar'uwarta R1280DB ta ƙara da Bluetooth da kafar jona talabijin na zamani. PreSonus Eris 3.5 kuma ta dace da mai haɗa sauti a kwamfuta. Ɗaya irin ba ta magana sai an haɗa ta da amfilifaya, kamar jerin Wharfedale Diamond da tsofaffin Sony, Pioneer da Kenwood da ake samu cikin kayan gwanjo.

In karon farko ne kuma kuɗin ba su da yawa, ɗauki ta farko. In kana da amfilifaya a gida, ko kana son abin da mai gyaran rediyo na unguwa zai iya buɗewa ya gyara, ta biyu ta fi. Ranar da amfilifaya ta ƙone, ita kaɗai za ka sauya, akwatunanka na nan lafiya lau.

Mataki na 3: Karanta kwali da idon basira

Nan ne aka fi cin kuɗin mutane. Za ka ga an rubuta wat 2,000 ko 5,000 da manyan baƙaƙe, a gefe an liƙa PMPO. Wannan lamba ta talla ce, babu wani ma'auni da aka yarda da shi a bayanta. Wadda ake dubawa ita ce RMS, ƙarfin da na'urar ke iya riƙewa ba tare da sarewa ba. Wat 15 zuwa 30 a kowane ɓangare sun isa ƙaramin ɗaki har da rara.

Ga dalili. Yawancin ƙananan sifikoki, in aka ba su wat ɗaya tak, suna fitar da ƙarar desibel 85 zuwa 88 a tazarar mita ɗaya. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa. Da wat 10 ka kai kusan desibel 96, wato kwatankwacin babur yana ruri a gabanka. Masana lafiyar kunne kuwa suna gargaɗi a kan daɗewa cikin ƙarar da ta wuce desibel 85. Ke nan abin da ya kamata ka biya kuɗi a kansa tsabtar sauti ne. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

In mai neman amfilifaya ce, duba lambar om a bayanta. Yawanci 4, 6 ko 8 ne. Kada ka haɗa mai om 4 da amfilifayar da aka rubuta wa 8 kaɗai, don amfilifayar na iya yin zafi ta mutu. Sannan ka ɗaga akwatin ka ƙwanƙwasa gefensa. Na katako mai nauyi amsawa yake a daskare, na roba mara nauyi kuwa ƙara yake kamar fanko.

Mataki na 4: Sabuwa ko ta hannu?

Manyan kantuna irin su Melcom da shagunan kayan lantarki na tsakiyar gari suna ba da rasit, wani lokaci da garanti. Tambayi wata nawa ne, kuma a rubuta maka. In samfurin da kake so babu shi a Tamale, ana samu a Adum ta Kumasi ko Circle ta Accra, ko a shafin Jiji. Sai dai ka lissafa kuɗin mota, kuma kada ka tura wa wanda ba ka sani ba cikakken kuɗi ta MoMo kafin wani naka ya gani ya ji.

Ta hannu ta fi araha, kuma sau da yawa ta fi sabuwa mara suna inganci, amma sai da bincike. Cire ragar gaban ka duba zoben da ya kewaye faifan. In na soso ne kuma ya fara marmashewa, kwanansa ya ƙare. Ɗora yatsu ka danna faifan a hankali. Ya kamata ya shiga ya dawo shiru. In ka ji ƙarce-ƙarce, koyil ɗin ya taɓu, ka bar ta. Duba bayanta kuma: wutar Gana bolt 230 ce, kayan Amurka da Japan da yawa kuwa na 120 ne ko 100, in ka sa su kai tsaye hayaƙi za ka gani.

Mataki na 5: Gwada da abin da kunnenka ya sani

Mai shago zai sa maka waƙa mai dukan ƙirji. Ce masa, "Maigida, a yi haƙuri, a ɗan sa nawa." Tafi da abu uku a wayarka: karatun makarancin da ka saba ji, kiɗan gargajiya kamar goge ko gangunan lunsi na Dagomba, da waƙar zamani ɗaya. A karatun, saurari ko harafin sin da shin suna fita ba tare da tsawa a kunne ba. A goge, ji ko zaƙinsa bai koma ƙara ba. A ganguna, ji ko kowane bugu ya rabu da na bayansa. Rage ƙarar sosai, don a haka za ka fi saurare da dare. Sifikar da ba ta daɗi sai an ƙure ta ba ta ɗakinka ba ce. Daga ƙarshe kara kunne a kowane akwati, ka tabbatar ƙaramin bakin da ke sama yana aiki a duka biyun.

Mataki na 6: Tanadi kariya daga wuta da ƙura

In kamfanin lantarki na NEDCo ya ɗauke wuta, dawowarta ce abin tsoro. Sayi na'urar kariya irin wadda ake sa wa firji da talabijin, mai jinkirta wuta na ɗan lokaci kafin ta sake ta. In wutar unguwarku tana hawa da sauka, ƙara da sitabilaiza. Da damina, in hadari ya haɗu da tsawa, zare waya daga soket. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, bar ragar a gabanta kuma ka rufe da ƙyalle in ba ka nan. Zafin Maris da Afrilu a Tamale yakan kai digiri 40, don haka kada ka ajiye ta a bakin taga inda rana ke duka.

Mataki na 7: Ajiye su a inda ya dace

Wannan matakin kyauta ne, amma yana gyara sauti fiye da ƙarin kuɗi. Raba su da tazarar mita ɗaya da rabi zuwa biyu, mazauninka ya zama daidai wannan nisa daga kowacce. Ƙaramin bakin sama ya daidaita da kunnenka in kana zaune, ka ɗan karkato su su fuskance ka. In akwai ramin iska a baya, bar taƙi ɗaya zuwa biyu tsakaninta da bango, kuma ka guji lungu. A kan kanta, jawo su zuwa bakin gaba, ka sa ɗan soso a ƙarƙashi don kada katako ya riƙa rawa. Jar waya ta shiga ja, baƙa ta shiga baƙi a duka biyun. In ka juya ɗaya, bas zai zube.

Ka ware kamar kashi ɗaya cikin goma na kuɗinka don na'urar kariya da wayoyi. In abin da ya rage bai kai na mai kyau ba, ƙara haƙuri wata ɗaya ko biyu ka cika, domin sayen nagari mai da kuɗi gida ne. Kuma kada ka ba da ko sidi ɗaya sai ka ji da kunnenka.