Sayen Makamai Daga Ƙasashen Waje: Abin da Ya Kamata Ɗan Ƙasa Ya Sani

Kowace shekara, idan Gwamnatin Tarayya ta kai kasafin kuɗinta gaban Majalisar Dokoki ta Ƙasa, kason tsaro yana cikin manya. Jama'a da yawa suna zaton bindigogi da jiragen yaƙi ake saye da dukkan kuɗin nan, alhali kuwa mafi yawansu a albashin soja suke tafiya, da abincinsu, da gyaran barikokinsu. Abin da ya ragu shi ake sayen makamai da shi, kuma nan ne wuyar take, domin manyan makamai ba a tayinsu kamar buhun gero a kasuwa. Sai gwamnatin ƙasar da ta ƙera su ta yarda, ita kuwa tana da nata buƙatu.

Nijeriya ta daɗe da sanin haka. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, Ingila ta ci gaba da sayar mana da ƙananan makamai, amma ta ƙi ba da jiragen yaƙi. Amurka ta ce ba za ta sayar wa kowane ɓangare ba. Tilas gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta juya wajen Tarayyar Sobiyet, ta samo jiragen MiG. A 2014 kuma, ana tsakiyar yaƙi da Boko Haram, Amurka ta hana Isra'ila ta sayar mana da jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra, don ita ta ƙera su tun asali. Haka cinikin jirage 12 na Super Tucano ya yi ta jan ƙafa, musamman bayan da jirgin mayaƙanmu na sama ya jefa bom bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann cikin Janairun 2017. An biya dala miliyan 496 a 2018, jiragen ba su iso ba sai 2021. Biyan ma ya ta da ƙura, saboda an cire kuɗin kafin Majalisa ta amince. 'Yan Majalisa suna da hujja da suka yi magana, gama Tsarin Mulki ya ce ba a taɓa kuɗin jama'a sai da yardarsu.

Bayan saye akwai riƙo. Wanda ya sayi doki ya san ciyawa da dusa na jiransa kullum. Jirage 18 samfurin Jaguar da aka yi odarsu daga Ingila a 1983, ba su cika shekara goma suna tashi ba aka ajiye su, saboda tsadar kula da su. Don haka mai duba lissafin makami ya haɗa da kayan gyara, da harsasai, da horar da matuƙa da makanikai.

Wata ƙasa takan sauƙaƙa ciniki idan an ƙulla yarjejeniyar tsaro da ita, amma wannan ma da igiyarta. Yarjejeniyar da aka yi da Ingila a 1960 ta ba jiragenta na soja izinin ratsa sararin samaniyarmu da yada zango. Ɗalibai suka yi zanga-zanga a Legas, 'yan hamayya suka ce mulkin kai bai cika ba ke nan, har gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta soke ta cikin Janairun 1962.

Don rage dogaro da waje aka kafa Kamfanin Ƙera Makamai na Nijeriya, DICON, a Kaduna a 1964, da taimakon wani kamfanin Jamus ta Yamma, Fritz Werner. Ya yi aiki sosai lokacin yaƙi. Da aka zauna lafiya oda ta ragu, har ya koma haɗawa da ƙera kujeru da tebura don ya riƙe ma'aikatansa. A Nuwamban 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta ba kamfanin ikon haɗa gwiwa da 'yan kasuwa wajen ƙera makamai a gida.