Dalilin da Ya Sa Banki Kan Tsare Asusun Matafiyi

'Yan kasuwar Kantin Kwari da na Sabon Gari, da 'yan canjin Wapa a Fagge, mutane ne masu yawan tafiya Jidda da Dubai da ƙasar Sin. Sau da yawa mutum kan sauka can, ya nemi shiga asusunsa ta wayar hannu, ya tarar an tsare. Ya kamata Hakimai da Malamansu su san dalili, domin su fahimtar da jama'a.

Kowace na'ura da ta hau intanet tana da adireshi mai nuna ƙasar da take. In asusun da aka saba buɗewa daga Kano ya wayi gari ana taɓa shi daga Jidda, kwamfutar banki ba ta iya rarrabe mai shi da ɓarawo, saboda haka takan dakatar da shi sai ya tabbatar da kansa. Tabbacin kuwa galibi lambar sirri ce da ake aikawa ga layin wayar da banki ya sani. Nan wahalar take. Alhaji ya isa Makka, ya cire layinsa na gida ya sa na Saudiyya, lambar ta tafi inda ba mai ganinta.

Tun a gida ake gyara. Matafiyi ya sanar da bankinsa, ya sa a buɗe masa layi yadda zai yi aiki a waje, ya duba ko sunansa ya dace da na BVN, watau lambar shaida mai alƙaluma 11 da Babban Bankin Nijeriya ya kawo a 2014. Wanda ya kira shi yana neman lambar sirri, ko ya ce daga banki yake, kada ya ba shi.