Darasin Wannan Wata: Idan Fankar Ɗumama Mota Ta Tsaya, Fara Duba Fis

 Darasinmu na wannan wata na direbobi ne da yaran mota, da duk mai abin hawa a Magajin Gari da sauran ƙauyukan ƙasar Birnin Gwari.

Kowa ya san sanyin hunturu a ƙasarmu, musamman a watannin Disamba da Janairu. Direba yakan ɗauki fasinja tun da asuba, ya nufi Kaduna ko Funtuwa. Saboda sanyi, sai a rufe gilasai duka. Numfashin mutane ya taru a cikin mota, gilashin gaba ya yi hazo. Haka ma yake faruwa da damina idan ana ruwa. Sai ka ga direba yana tuƙi da hannu ɗaya, yana goge gilashi da tsumma da ɗaya hannun. Wannan haɗari ne babba. Hanyar Kaduna doguwa ce, ta ratsa daji ta Kuriga da Udawa da Buruku. Ba wurin da mutum zai so ya yi karo ba ne, ko ya tsaya gyara.

Maganin wannan hazo yana cikin motar. Ita ce fankar hita, wato fankar ɗumama mota.

YADDA TAKE AIKI

Idan inji yana aiki, ruwan lagireto yakan yi zafi. Akwai wani ɗan ƙaramin lagireto a ɓoye bayan dashbod, wanda wannan ruwan zafi yake bi ta cikinsa. Fanka ce take hura iska ta jikinsa. Iskar ta ɗumama, ta fito wajen ƙafafu ko ta bugi gilashin gaba ta busar da shi. Ita fankar da wutar batir take juyawa. Kafin wutar ta kai gare ta, sai ta bi ta cikin fis.

MENE NE FIS?

Fis wani ɗan siririn ƙarfe ne a cikin roba ko kwalba. Aikinsa gadi ne. Idan wuta ta yi yawa fiye da kima, sai siririn ƙarfen ya narke ya tsinke, wutar ta yanke. Da haka ne wayoyin mota suke tsira daga ƙonewa. Saboda haka fis ɗin da ya ƙone ya yi aikinsa ke nan.

Tsofaffin motoci sukan zo da dogon fis mai ƙarfe a kai da gindi. Motocin da suka fi yawa a tashoshinmu yanzu, irin su Golf, suna da fis na roba mai ƙafa biyu. Kowane ɗaya yana da lamba a kansa. Lambar tana nuna yawan wutar da zai iya ɗauka, ana kiran ma'aunin amfiya. Launinsa ma yana nuna lambar:

Ja, lamba 10.
Shuɗi, lamba 15.
Rawaya, lamba 20.
Fari, lamba 25.
Kore, lamba 30.

Fankar hita tana jan wuta da yawa. Don haka fis ɗinta yakan kasance mai babbar lamba, kamar 20 ko 25 ko 30, gwargwadon irin motar.

SAURARI FANKAR KAFIN KA TAƁA KOMAI

Kunna mota, ka murɗa makunnin fanka daga 1 har zuwa lambar ƙarshe.

Idan fanka tana hura iska amma iskar ba ɗumi, ba laifin fis ba ne. Ko ruwan lagireto ya yi ƙasa, ko an cire tiyon da ke kai ruwan zafi ciki. Kada ka buɗe murfin lagireto inji yana da zafi, ruwan zai ƙona ka.

Idan fanka ba ta aiki a 1 da 2 da 3, sai a lambar ƙarshe kaɗai, nan ma fis lafiya yake. Abin da ke rage gudun fanka ne ya ƙone. Wannan aikin mai gyaran wutar mota ne.

Idan kuwa shiru ka ji a kowace lamba, to fara da fis.

MATAKAN DUBAWA

1. Tsayar da mota a wuri mai haske. Kashe inji, ka zare makulli.

2. Nemo akwatin fis. Yawanci yana ƙarƙashin sitiyari ko a gefen dashbod. Wasu motoci suna da na biyu a cikin bonet kusa da batir.

3. Duba bayan murfin akwatin. Sau da yawa akwai zane da lambobi. Nemi hoton fanka, ka karanta lambar da ke kusa da shi.

4. Zare fis ɗin a hankali da ɗan matsefin roba ko ƙaramar filaya. Kada ka zare su duka lokaci ɗaya, za ka manta gurbin kowanne.

5. Ɗaga shi sama wajen haske. Idan siririn ƙarfen ciki ya tsinke, ko robar ta yi baƙi, ya ƙone.

6. Sa sabo mai lamba iri ɗaya da wanda ka cire. Idan 25 ka cire, 25 za ka mayar.

7. Kunna mota, ka gwada fanka.

Idan ƙarfen bai tsinke ba amma ƙafafunsa sun yi tsatsa, kankare su su yi haske, ka mayar da shi ya zauna daram.

IDAN SABON YA SAKE ƘONEWA

Nan ne wurin da mutane da yawa suke kuskure. Fis ba ya ƙonewa sau biyu a banza. Wataƙila ɓera ya ci waya, tsirararta tana taɓa ƙarfen mota. Mu da muke ɗaukar masara da dawa daga gona, ɓera ba baƙo ba ne a motocinmu. Wataƙila kuma ƙura da ganye sun cushe fankar, ta yi nauyin juyawa, tana jan wuta fiye da ƙa'ida. Kashe makunnin, ka kai motar wurin mai gyaran wuta.

Kada ka naɗe fis da takardar kwalin sigari mai ƙyalli. Kada ka ɗaure shi da jar waya, ko ka cusa ƙusa a gurbinsa. Kada kuma ka sa mai lamba 30 inda aka rubuta 15. Waɗannan ba za su tsinke a kan lokaci ba. Waya ce za ta yi zafi, robarta ta narke, wuta ta tashi a bayan dashbod inda hannu ba ya kaiwa. Kuɗin fis bai taka kara ya karya ba, amma saboda shi mutum yana iya rasa motar da yake ciyar da iyalinsa, har da rayukan fasinja. Rigakafi ya fi magani.

SHAWARA

Kowane direba ya sayi fis biyu-biyu na kowane launi, ya zuba a gwangwani ya ajiye a mota tare da tocila. A gwada fanka tun a tasha kafin a shiga daji. Wanda ya je ajin yaƙi da jahilci ya iya karanta lamba, shi da kansa zai yi wannan aiki cikin minti 5. Ku ƙarfafa wa yaran motarku su shiga aji.

TAMBAYOYI

1. Mene ne aikin fis a mota?
2. Wace lamba ce a kan fis mai launin rawaya?
3. Idan fanka tana aiki a lambar ƙarshe kaɗai, laifin fis ne?
4. Me ya sa ba a naɗe fis da takardar sigari?

Ku rubuta amsoshinku a littafi, ku nuna wa malamin ajinku. Allah ya kiyaye hanya, amin.