Ɗumin Jirgi da Hanyar Hayaƙi

Ɗana, na ji ka ƙudura ci gaba da yawo da jirginka mai tafiya da iska a gaɓar yammacin Sikotilan har cikin Oktoba, kuma kana neman hitar da za ta ɗumama ɗakin kwana. Allah ya sanya alheri. Na lura hankalinka ya tafi kan farashi da ƙarfin zafi. Ni kuwa tambayar da nake so ka fara yi wa mai sayarwa ita ce: hayaƙin wutar nan ta ina zai fita?

Ɗakin jirgi an toshe shi ne don kada ruwa ya shiga, saboda haka iska ma da ƙyar take samun hanya. Wutar da iska ba ta ishe ta ba tana fitar da kabon monoksaid, shi kuwa ba launi, ba wari. Ciwon kai ne, sai kasala, sai barci. Ka san yadda muke hana yara kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, to haɗarin guda ne. A Janairun 2014, a tashar Whitby ta Ingila, masunta biyu suka bar murhun gas na girki a kunne don su ji ɗumi, aka wayi gari sun rasu. Don Allah, komai tsananin sanyi, murhun girki na girki ne kawai. Ko ba guba ma, kilo ɗaya na gas in ya ƙone yana sakin ruwa fiye da kilo ɗaya da rabi, sai ka tashi ka tarar rufin yana ɗiga, katifa ta yi danshi, fumfuna ta kama tufafi.

Abin da akasarin masu irin jirginka ke sakawa shi ne hitar dizal mai fanka, irin su Webasto da Eberspächer na Jamus, ko Wallas ta Finlan. Wutarta a rufe take ci, hayaƙi ya fita waje ta bututu, busasshiyar iska mai ɗumi ta shigo ɗaki. Mai kilowat 2 ba ta wuce rubu'in lita a awa, kuma tana isar ƙaramin jirgi a bazara da kaka. Kada ka ce gara babba: wadda ta fi ƙarfin ɗaki kullum a ƙasa-ƙasa take ci, baƙin hayaƙi ya toshe ta. Sai dai tana shan batir, musamman mintunan farko na tashi, don haka in ka saba kwana a kan anga nesa da wutar tasha, yi lissafin batirinka tukuna.

A nan nake so ka natsu. Masu araha da ake sayarwa a intanet galibi don motoci aka haɗa su. Ɗauki salansar ka juya ta, za ka ga ɗan rami a ƙasa na zubar da ruwa, haɗin bakinta ma ba a like yake tsaf ba. A mota ba komai, tunda a waje take rataye. A jirgi kuwa cikin jirgin take zama, tare da kai. A Disamban 2019, a kogin Ouse da ke York, mutum biyu sun rasu a cikin jirgi, bincike ya nuna hayaƙin hitar dizal ne ya tsiyayo ta salansar da ba don jirgi aka yi ta ba. In ka sayi mai araha, sauya salansa da bututun da na jirgi, a naɗe bututun da abin tare zafi, a lanƙwasa shi sama kafin ya fita don kada igiyar ruwa ta kwararo ciki. Iskar da za ta shigo ɗaki kuma kada a jawo ta daga wajen inji.

Akwai kuma murhun dizal mai ɗigo, irin Refleks na Denmak ko Dickinson na Kanada. Ina ƙaunar wannan, domin ɗan ƙarfe ne mai sauƙin sha'ani da za ka iya kwancewa ka share da hannunka, ba ƙara, kuma wutarsa ba ta jiran batir. Amma sai an huda rufi an kafa bututu, igiyoyin jirgi kan maƙale a kansa, guguwa kan mayar da hayaƙi ciki, kuma in jirgi ya karkata sosai cinsa yakan rikice. Ya fi dacewa da mai daɗewa a tsaye. Hitar gas kuwa, in ba dole ba, bar ta: gas ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasan jirgi yake taruwa.

Ga irin tafiyarka ta kwana biyu-uku, ni dai mai fanka zan zaɓa, a kira gwani ya haɗa. Tun Afrilun 2019 aka wajabta ƙararrawar kabon monoksaid a jiragen da ake kwana ciki a yawancin koguna da magudanan Birtaniya. Kai ma saka guda biyu, ɗaya kusa da inda kake aza kai. Ranar gwajin farko kuma ka yi shi da rana, a tasha, ƙofa a buɗe, ka bar ta ta yi awa guda tana ci kana bin kowane haɗin bututu da ido, kafin ka yarda iyali su kwana ciki.