Yadda Ake Warware Waƙar Fada a Ƙasar Gobir

Waƙar fada ba ta buɗe cikinta ga mai kunne kaɗai, sai ga wanda ya san gidan da aka yi wa ita. Farkon aikin sananne ne: a saurara a sake saurare, a ware gindin waƙa da ƴan amshi ke maimaitawa, a rubuta sauran yadda ya fito daga bakin makaɗi. A kula da Gobirci, don «ɗiya» a Tsibiri ƴaƴa ne, a Kano kuwa ƴa mace ce. Sai a bi salsala. In makaɗi ya ambaci Bawa Jan Gwarzo, ko Alƙalawa da ta faɗi a 1808, ko Mayaƙi da ya kafa Tsibiri a 1836, nauyin gadon da sarki ya hau yake tuna masa.

Inda ake gane gwani shi ne wurin zambo. Makaɗi ba ya kiran sunan ɗan sarkin da ya nemi sarauta ya rasa. Kura zai ce, ko biri, ko ya kwaikwayi tafiyarsa, ko ya taɓa naɗin rawaninsa. Mai gaggawa sai ya ɗauka labarin namun daji ake yi. Mai natsuwa tambaya yake: ran naɗi aka yi waƙar ko ran hawan salla? Su wa suka nemi gadon a lokacin? A wace gaɓa fadawa suka yi shewa, wane ne ya sunkuyar da kai? Amsar tana bakin tsofaffin fadawa da sanƙirori da matan gidan sarauta, waɗanda suka riƙe wannan ilmi ba da takarda ba, don a gabansu aka yi.

Wani zai ce wannan ƙofar ƙage ce, kowa ya laƙa wa wanda ya tsana. Tsoron yana da tushe, amma akwai ma'auni. Fassara ba ta karɓuwa sai ta dace da gindin waƙar, ta dace da lokacin da aka yi ta, kuma dattawa biyu da ba gidansu ɗaya ba sun yarda da ita. Wadda ta kasa cika ukun nan zato ce, a bar ta a zato.

Matasa masu naɗar waƙa a waya, ku naɗi bayanin tsofaffin nan tare da ita tun suna raye.